Kurakuran da ke sa ƴan damfara suna cinye masu sayar da kayan kwance a intanet

Na gaji da jin labari iri ɗaya daga bakuna daban-daban. Da wuya in zauna fadar shan shayi a Zongo ko Garin Malam ba tare da wani ya ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Wallahi an yi min aiki ta waya" ba. Wannan babur ɗinsa ne ya tafi, wancan salula, waccan baiwar Allah kayan ɗakinta da ta fitar don ta biya wa yaro kuɗin makaranta. Na daɗe a harkar kayan kwance a Damagaram, tun ciniki yana ido da ido a Kasuwar Dole, har yanzu da rabinsa ya koma Facebook da zaurukan WhatsApp. Abin da ke ci min rai shi ne dabarun mutanen nan ba sababbi ba ne. Tarkon da ya kama wani bara shi ne ke kama ƙaninsa bana.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin dukiyar mutane, shi ne sakin kaya saboda an ga saƙo. Saƙon tes ba kuɗi ba ne, hoton rasidi ma ba kuɗi ba ne. Kuɗi shi ne wanda ka ƙirga da hannunka, ko wanda ka buɗe asusunka da kanka ka tarar ya ƙaru.

Firiza na taɓa rasawa ta wannan hanya, a tsakiyar bazara, lokacin da masu sayar da ƙanƙara ke neman firiza ido rufe. Na sa hotonta da farashin jaka 140, wato sefa dubu 140. Wani ya kira da murya ta dattako, yana ta "Alhaji, Alhaji", ya ce shi ɗan kasuwa ne a Tanut, motar da za ta ɗauki kayansa tana tasha tana shirin tashi. Bai nemi ragin ko dala ba. Muna cikin magana saƙo ya shigo, da tsarin rubutu irin na kamfanin da nake ajiya, da adadin kuɗin cif, har da dogon lambar shaidar ciniki. Ban gama karantawa ba sai ga ɗan adaidaita a ƙofar gida ya ce an aiko shi. Na kama masa muka ɗora. Sai bayan magariba da na je wurin mai shagon cire kuɗi ya duba ya ce babu abin da ya shigo. Da na sake buɗe saƙon a natse, sai na ga daga lambar mutum ya fito, lamba takwas irin tawa da taka, kuma yana zaune shi kaɗai, ba ya cikin jerin saƙonnin da kamfanin ya saba turo min. Ɗan adaidaitan da muka samo washegari bai san komai ba. Kuɗin ɗaukar kaya aka ba shi, ya sauke a bakin titi inda aka ce ya sauke.

Ku lura da yadda aka tsara abin, domin haka ake tsara shi kullum. Ba a taya kaya, don kada ciniki ya ja lokaci. Ana ƙirƙiro gaggawa: mota za ta tashi, jirgi zai tashi, mara lafiya na jira. Ana riƙe ka a waya don kada ka samu sararin dubawa. Sannan ana aiko wanda ba shi da hannu a ciki ya tsaya maka a ka, kunyar ɓata masa lokaci ta sa ka saki kaya. Sauri ya haifi nawa, su kuma saurin naka suke so.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka, ban kuma sassauta wa kowa ita. Idan mutum ya ce ya turo, sai in ce, "To madalla, bari in duba in kira ka," in kashe wayar. Ko Airtel Money ne, ko Moov Money, ko Zamani Cash, da hannuna nake danna lambar duba asusu ko in buɗe manhajar in ga abin da ke ciki. Ko da saƙon ya zo da sunan kamfani a samansa ban yarda, domin shi ma sunan ana iya ƙirƙirarsa. Idan ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza aka ce an aiko, lambar karɓa da aka turo min ba ta ishe ni ba, sai na je ofishinsu an ƙirgo min kuɗin. In rezo ya yanke, kaya ya kwana. In mota za ta tashi, ta tashi, gobe ma akwai mota. Wasu abokan sana'ata suna cewa na cika tsanani, ina korar masu saye na gaskiya. Mai saye na gaskiya bai taɓa fushi da ni don na ce zan duba kuɗina ba. Wanda ya hau faɗa yana cewa "Ba ka yarda da ni ba ke nan?" ya riga ya ba ni amsa.

Masu hulɗa da Kano da Daura da Maigatari, waɗanda ke karɓar naira a asusun Najeriya, maganar ɗaya ce: alat na ƙarya ya fi komai sauƙin haɗawa, ku shiga manhajar banki ku gani da idonku.

Kuskure na biyu ya fi wannan zafi, domin a nan ba kaya kawai kake rasawa ba, har da mutunci. Shi ne barin baƙo ya shiga tsakaninka da mai saye. Ga yadda yake gudana. Ka sa hoton babur ɗinka a kan jaka 400. Wani ya kwashe hotunan ya sa a wani zaure a matsayin nasa, a kan jaka 280. Sai ya kira ka ya ce yana so, zai turo ƙaninsa ya duba, amma don Allah kada ku yi maganar farashi da shi, kyauta zai yi masa ba ya so ya san kuɗin. Shi kuma mai sayen gaske an gaya masa cewa babur yana hannun "yarona", ka je ka duba, kada ka yi ciniki da shi, in ya yi maka ka turo min kuɗin. Mutum ya zo, ya tayar da babur, ya zagaya unguwa, ya gamsu, ya koma gefe ya tura kuɗi ga wanda ku duka ba ku taɓa gani ba. Sannan ya miƙo hannu ya ce a ba shi makulli.

Na tsaya a irin wannan wuri, a ƙofar gidana, mutane sun taru, wani bawan Allah daga Miriya yana rantsuwa yana hawaye cewa ya biya, ni ina rantsuwa cewa ban ga ko dala ba. Dukanmu gaskiya muke faɗa. Sai da muka dangana da ofishin ƴan sanda, babur ya zauna a can ana bincike, kuma har bayan an wanke ni akwai waɗanda suka ci gaba da kallona a matsayin wanda aka haɗa baki da shi. Shi kuma mutumin kuɗin gyaɗarsa ya tafi.

Don haka ku ji da kyau, ku samari masu rawar kai da ciniki: duk wanda ya ce maka kada ka faɗa wa mai duba kaya farashi, ɓarawo ne. Babu kyauta, babu sirri, babu "patron ne ya aiko ni". Wane irin ciniki ne za a ce mai kaya ya yi shiru a kan kayansa? Ni duk wanda ya zo duba abu, kafin ya taɓa shi nake gaya masa: ni ne mai shi, sunana wane, kuɗinsa kaza, kuma a hannuna ake biya. Wannan magana ba ta ɗaukar minti guda, kuma ita ke rusa shirin gaba ɗaya. Hotunan da nake sawa kuwa, ina rubuta lambar wayata da ranar a ƴar takarda in manna a jikin kayan, a tsakiya inda ba za a yanke ba, sannan in ɗauka. Hoton ba ya yin kyau sosai, amma ba ya saurin satuwa.

Sai maganar lambar sirri, wadda har yanzu ban gane dalilin da ya sa mutane masu hankali suke bayarwa ba. Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Mai turo maka kuɗi lambar wayarka kawai yake buƙata. Duk wanda ya ce ka danna wasu lambobi "don kuɗin su shigo", sannan ka sa lambar sirrinka, to kai ne kake tura masa naka. Haka wanda zai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, kuɗinka sun maƙale, ka faɗo lambar a sake su. Ma'aikacin kirki ba ya tambayar wannan. Akwai kuma lamba shida da WhatsApp ke turowa ta tes: mai saye ya ce zai sa ka a zauren ƴan kasuwa, an turo maka lamba, ka karanto masa. Da ka karanto, ya ɗauke WhatsApp ɗinka, kuma kafin la'asar ya bi ƴan'uwanka da abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon rance da sunanka. Ka shiga saitin WhatsApp yau, wurin da aka rubuta Vérification en deux étapes, ka sa taka lambar ta biyu. Iyayenmu mata dillalai, waɗanda yara ke riƙe musu waya, a yi musu wannan a kuma gaya musu da baki cewa lamba ba a faɗa wa kowa.

"Na yi kuskure na turo maka fiye da kuɗin, don Allah maido min da saura." Yawanci babu abin da ya shigo, saƙon ƙarya ne. Wani lokaci kuma kuɗin sun shigo da gaske, amma na wani ne da aka damfara, ana so ka tura su wata lamba daban don sawun ya ƙare a kanka. Ni ban mayar da kuɗi ta waya. Ina ce wa mutum mu haɗu a ofishin kamfanin su mayar wa lambar da ta turo.

Mai kaya ba ya biya don ya sayar. In an ce maka mai sayen yana Faransa ko Abidjan, ko ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne da ba ya iya fitowa, ka fara biyan kuɗin duwan, wato kwastan, ko na mai kai saƙo za a haɗa maka da kuɗin kayan, rufe maganar. Wa zai baro duk kasuwannin duniya ya nemi tsohuwar talabijin a Sabon Gari, har ya ƙara kuɗi a kan abin da ka faɗa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lambar da ta fara da +229 ko +225 ko +234 ba laifi ba ce a kanta, muna da ƴan'uwa a can, amma mai lambar +227 ma yana damfara, don haka kada lambar gida ta sa ka saki jiki.

Ƙananan kurakuran kuma ga su a taƙaice. Kada ka tura wa baƙo hoton katin shaidarka ko kart griz ɗin babur, wato takardar rajistarsa, da su ake yaudarar na gaba. Kada ka danna adireshin da aka turo wai don ka karɓi kuɗi. Kada ka ba mai saye makulli ya gwada babur shi kaɗai, ka hau bayansa ko ya ajiye kuɗin. Kada ka kai kaya lungu da dare, ku haɗu a shagon wani da ka sani ko bakin kasuwa da rana. In kuɗi a hannu ne, ka ƙirga da kanka ka duba takardun jaka goma-goma a haske. Salula kuwa kafin ta bar hannunka ka cire asusunka na Google, ka cire sim da katin ajiya, ka goge komai, domin hotunan iyali da ke ciki sun fi wayar tsada.

Kayan da za a sa a mota zuwa Maraɗi ko Agadas ko Diffa, ni sai an biya duka nake kai su tasha. In mai sayen yana tsoro, hakkinsa ne, domin su ma masu saye ana cutarsu. Sai ya turo ɗan'uwansa na nan garin ya gani ya biya, ko mu sami wani ɗan kasuwa da muka sani mu biyu ya riƙe kuɗin. Babur da duk wani abu mai tsada kuma ina rubuta takardar ciniki da shaidu biyu. In salula ce, ina danna *#06# in rubuta lambar IMEI mai lamba 15, wato lambar shaidar ita kanta wayar, a takardar, saboda ranar da za a zo neman wayar sata.

Wanda abin ya riga ya same shi, kunya ce ke sa ya yi shiru, kuma shirun nan shi ke ba su damar kama na gaba da lambar nan ɗaya. Kada ka goge komai. Ka ɗauki hoton hirar, da lambar, da saƙon ƙaryar, da shafin Facebook ɗin kafin a rufe shi. Ka fara da ofishin kamfanin kuɗin a ranar, ko za a iya tsayar da abin da ba a riga an cire ba, sannan ka wuce wurin ƴan sanda ko jandarma ka shigar da ƙara. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, kuma layukan waya da katin shaida ake yi musu rajista, don haka akwai inda bincike zai fara. Ban yi maka alkawarin kayanka za su dawo ba, firizata ba ta dawo ba. Amma ka kai ƙarar, kuma ka sa lambar a zauren da ka tallata kayan, da bayanin yadda aka yi maka dalla-dalla. In kuma bayan haka wani ya kira ya ce shi jami'i ne, an kama ɓarawon, ka turo kuɗin mai a kawo maka kayanka, su ne suka dawo. Ka kai wa ƴan sandan wannan lambar ita ma.