Mai son ganin baƙin tsuntsayen Turai, ya zauna wuri ɗaya

Salamu alaikum 'yan'uwa. Idan kuna son ganin ƙananan tsuntsayen nan masu cin ƙwari da ke fara isowa Damagaram daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ku daina yawo cikin daji kuna nemansu.

Bayan sallar Asuba ku nemi bakin tafki mai bagaruwa ko kandili. Ku zauna, ku ba rana baya, ku yi shiru minti 30.

Tsuntsayen nan daga Turai suke, sun ƙetaro Sahara, kuma yawanci da dare suke tafiya. Wani nauyinsa bai kai giram 10 ba! Da gari ya waye suna sauka a gajiye, da yunwa, sai su bi ganye suna tsintar tsutsa. Ba sa yawan kuka a wannan lokaci, don haka motsin ganye za ku duba. Ku lura da baki: nasu siriri ne kamar tsinke, ba irin na jan baki mai cin gero ba.

Ni a lambunan Miriya na fi samun su, ko madubin hangen nesa ban ɗauka ba.

Kada ku zauna gindin gawo, da damina ba shi da ganye. Ranar iska ma, ko in hantsi ya dubi ludayi, sai su lafe cikin ƙaya. Kuma in gonar wani ce, a nemi izini tukuna, gero ya kusa nuna.