Kurakuran da ake maimaitawa a majalisa kan 'yan wasan baya da kwantiraginsu ya ƙare

Da zarar Janairu ya kama, sannan kuma daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, hirar masu kallon ƙwallo a Katsina takan koma kan tambaya guda, wato wane ɗan wasan baya ne kwantiraginsa ke shirin ƙarewa, kuma wace ƙungiya ce za ta ɗauke shi ba tare da ta biya kuɗin ciniki ba. Daga gidajen kallo na Ƙofar Ƙaura zuwa teburan masu shayi na Sabuwar Unguwa, magana ɗaya ce ake juyawa, kurakuran da aka yi bara kuma su ne ake yi bana, sai dai bakunan da ke yin su ne ke sabunta. Na gaji da gyara wa ƙannenmu abu guda a kowace kaka, shi ya sa na ga gara in rubuta shi.

Da yawa daga cikin masu musun ba su san ƙa'idar da suke musu a kanta ba. Tushenta hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke ne a watan Disamba na 1995, a ƙarar da wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya shigar, bayan ƙungiyarsa ta hana shi komawa Dunkerque ta Faransa alhali kwantiraginsa ya riga ya ƙare. Tun daga lokacin ɗan wasa yana iya tafiya abinsa idan wa'adinsa ya cika, kuma dokar FIFA ta ba shi damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya idan wata shida ko ƙasa da haka ya rage masa. Kuskuren da ake yi a nan shi ne, da an ji ɗan wasa ya amince a Janairu sai a ɗauka zai buga wasan makon gobe, alhali yawancin kwantiragin Turai sai 30 ga Yuni yake ƙarewa. Ko Real Madrid da ta so Trent Alexander-Arnold ya buga mata gasar ƙungiyoyin duniya da aka yi a Amurka a 2025, sai da ta biya Liverpool kuɗi kafin a sakar mata shi 'yan makonni kafin cikar wa'adinsa.

Babban kuskuren, wanda ya taɓa cin aljihuna da mutuncina a majalisa, shi ne ɗaukar raɗe-raɗi tamkar an gama ciniki. A watan Yuni na 2021 aka sanar cewa Sergio Ramos zai bar Real Madrid, kuma a matsayina na mai goyon bayan Manchester United na ga hoton wani saƙo da aka turo a zaurenmu na WhatsApp, ɗauke da sunan wani fitaccen ɗan jaridar ciniki da hotonsa, yana cewa an kammala maganar zuwansa ƙungiyarmu. Ban buɗe shafin mutumin na duba ba. Na tura wa jama'a, na je aka buga mini sunan Ramos da lamba 4 a bayan riga, na kuma ɗauki alkawari a gaban dattawan majalisa cewa idan bai zo ba ni zan sayi balangun kowa. Wani yayanmu ya ce mini, “Ƙanena, ka bari ka gan shi riƙe da riga tukuna,” na ce masa hassada ce irin ta 'yan Arsenal. A watan Yuli Ramos ya sa hannu a Paris Saint-Germain. Na biya kuɗin balangu, rigar ta zama ta kwana, kuma har aka gama waccan kakar duk labarin da na kawo sai an tambaye ni ko daga majiyar Ramos ya fito.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda har yau yara ke faɗawa wannan ramin da ido biyu. Ku da kuke riƙe da waya dare da rana, me zai hana ku ɓata minti ɗaya ku duba ko shafin da ya wallafa labarin na gaskiya ne? Hoton saƙo ba hujja ba ne, kowane yaro mai kwamfuta yana iya haɗa shi. Ko labarin ya fito daga jarida ta gaskiya, akwai tazara mai nisa tsakanin a ce ƙungiya tana bibiyar ɗan wasa, da a ce ta tuntuɓi wakilinsa, da a ce an daidaita kan albashi, da gwajin lafiya, da sa hannu, da yi masa rajista a hukumar gasa, kuma ciniki yana iya wargajewa a kowane mataki. A ranar ƙarshe ta kasuwar bazara ta 2015 an riga an daidaita cewa David de Gea zai koma Real Madrid, amma takardu ba su shiga a kan lokaci ba, ya ci gaba da zama a Manchester United har 2023. A 2022 kusan kowa ya gama sa wa Kylian Mbappé farar rigar Real Madrid, sai ga shi a watan Mayu ya sabunta kwantiragi a Paris, bai tafi ba sai 2024. Ku kuma sani cewa wakilin ɗan wasa yana da riba a raɗe-raɗi, domin sunan babbar ƙungiya a jarida shi ne sandar da yake kora tsohuwar ƙungiyar da ita ta ƙara albashi. Ni dai abin da nake yi yanzu shi ne, ba na furta cewa mun ɗauki kowa sai shafin ƙungiyar da kansa ya sanar, kuma ba na tura labarin da ban ga sunan wanda ya rubuta shi ba. Abokaina suna cewa na cika taurin kai, tunda akwai 'yan jaridar da ba kasafai suke kuskure ba, kuma ban musa musu ba, amma wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Sai zancen kuɗi. Ana cewa tunda ba za a biya tsohuwar ƙungiyarsa komai ba, ai babu asara ko bai yi ƙoƙari ba. Kuɗin da ba a biya ƙungiya ba yakan koma aljihun ɗan wasan da wakilinsa ne, ta hanyar kuɗin sa hannu da la'ada da albashin da ya fi na sa'o'insa, kuma da an sa hannu sai an biya shi har ƙarshen wa'adi, ko yana fili ko yana ɗakin jinya. Juventus ta ɗauki Aaron Ramsey haka daga Arsenal a 2019, ta ƙare da ba da shi aro ga Rangers, sannan aka soke kwantiragin a 2022. Barcelona kuwa ta rasa Lionel Messi a watan Agusta na 2021 bayan kwantiraginsa ya ƙare, ba don ba ta son sa ba, sai don iyakar albashin da hukumar gasar Sifaniya ta gindaya ba ta bar ta ta yi masa rajista ba.

Kuskure na biyu da nake son in daɗe a kansa shi ne neman suna kafin a gane ciwon. Da an zura wa ƙungiya ƙwallo uku sai ka ji gidan kallo ya ɗauka, a sayo ɗan baya, a sayo ɗan baya, amma ka tambayi mai ihun ta ina ƙwallayen suka shigo, ba zai iya faɗa maka ba. Daga bugun kusurwa ne, ko ta bayan ɗan gefen da ya hau gaba bai dawo ba, ko tsakiya ce ta buɗe aka bar mutum biyu da maharan abokan hamayya huɗu? Kowanne maganinsa daban. Lokacin da Rodri ya ji rauni a gwiwa a wasan Arsenal a watan Satumba na 2024, Manchester City da ta ɗauki kofin Firimiya sau huɗu a jere ta fara shan kashi ba ƙaƙƙautawa, kuma ko da yake an samu raunuka a bayan ma, babban giɓin yana wurin mai lamba 6 ne, wato ɗan tsakiyar da ke tsayawa gaban masu tsaron baya, inda Rodri yake bugawa. Liverpool ta ga irin haka a kakar 2020/21, da Virgil van Dijk da Joe Gomez da Joel Matip suka kwanta jinya: janye Fabinho da Henderson zuwa baya ya bar tsakiya fayau, har aka ci ta wasan gasa shida a jere a Anfield. Saboda haka kafin in yarda cewa muna buƙatar ɗan baya, nakan koma in sake kallon ƙwallayen da aka ci mu a wasanni goma na baya, ina rubuta ta inda kowace ta fito a bayan littafin lissafin shagona. Mutane suna dariya, amma wanda bai yi wannan ba bai kamata ya ɗaga mini murya a kan wanda za a saya ba.

Ko an tabbatar ɗan baya ake buƙata, sai a tambayi wane iri. Kocin da ke tura 'yan bayansa har kusa da layin tsakiya yana buƙatar mai gudu, wanda ke tsugunar da su gaban gola yana buƙatar mai cin ƙwallon sama, kuma wanda zai tsaya ɓangaren hagu ya fi samun sauƙin fitar da ƙwallo idan bahago ne. Kullum masu son a ɗauki wanda kwantiraginsa ya ƙare suna kafa hujja da Thiago Silva, wanda Chelsea ta ɗauka a 2020 yana da shekara 35, ya kuma ɗaga kofin Zakarun Turai a 2021, ko da Sol Campbell da ya tsallaka daga Tottenham zuwa Arsenal a 2001, ko Antonio Rüdiger da ya koma Real Madrid a 2022. Gaskiya ne, amma ba a son tuna cewa Ramos ɗin da na yi wa riga bai buga wa Paris wasa ba sai ƙarshen Nuwamba saboda rauni, Raphaël Varane kuma ya isa Como a 2024 ya ji ciwo a wasansa na farko, ya ajiye takalmi a watan Satumba. Lambar da nake fara dubawa ita ce yawan wasannin da mutum ya buga a kakanni biyu na baya, kafin in kalli kofunan da ya tara.

Sauran ƙanana ne. Kada a auna ɗan baya da bidiyon minti uku na YouTube, domin ba a sa wuraren da aka wuce shi a ciki, kuma makin da yake da shi a wasan kwamfuta ba shaida ba ne. Ƙungiyar Firimiya tana yi wa manyan 'yan wasa 25 ne kawai rajista, waɗanda ba su taso a tsarin Ingila ko Wales ba kuma ba za su wuce 17 ba, don haka wani lokaci sai an sallami wani kafin sabo ya samu gurbi. Ana iya ɗaukar ɗan wasa bayan an rufe kasuwa, amma sai wanda ya riga ya rabu da ƙungiyarsa kafin a rufe. Idan ɗan Afirka ne, a lissafa makonnin da zai tafi gasar cin kofin nahiya idan ta faɗo a tsakiyar kaka. Wanda kuma yake son ya koyi gane aikin ɗan baya, talabijin ƙwallo kaɗai take bi, gara ya je filin wasa na Muhammadu Dikko ranar da Katsina United ke gida, ya zauna a sama, ya bar kallon mai ƙwallo ya sa ido kan yadda mutum huɗun baya ke matsawa tare da ja da baya tare.