Yadda ake goge kunnen kare jinsin sifaniyel

Mafarautan Ingila sun kiwata wannan kare ne don ya tayar musu da tsuntsaye daga cikin ciyawa. Dogayen kunnuwan nan nasa masu lilo kuwa, su ne ciwon kan mai shi. Suna rufe ramin kunne ruf, iska ba ta shiga, danshi ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Shi ya sa ake duba su duk mako, da kuma duk ranar da ya shiga ruwa.

Da farko ka tanadi auduga da ruwan wanke kunne daga wurin likitan dabbobi. Tsinken goge kunne kam ajiye shi can, tura datti ciki kawai yake yi.

Zaunar da karen tsakanin ƙafafunka, ka ɗaga kunnen sama, ka sansana. Ƙwarai, sansanawa. In ka ji tsami ko wari, ko ka ga ciki ya yi jawur, tsaya nan, sai wurin likita.

In lafiya lau ne, ɗiga ruwan cikin ramin, ka murza gindin kunnen a hankali kamar daƙiƙa 20. Za ka ji yana caɓal-caɓal. Sake shi ya kaɗa kai, amma ka ja da baya, don ni rigata ta sha feshi ba sau ɗaya ba.

Sai ka goge abin da ya fito da auduga, iya inda yatsanka ya kai. Taje gashin bayan kunnen, nan ne tsabar ciyawa ke maƙalewa har gashin ya cukurkuɗe. Ba shi ɗan yankan nama, sannan ka koma ɗaya kunnen da sabuwar auduga.