Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton nebula daga cikin gari

Masu harkar hoton taurari, musamman masu fama da nebular Orion wato M42 daga saman bene a cikin gari, akwai wasu ramuka da kusan kowa sai ya afka. Ita M42 gajimare ne na gas da ƙura, nisanta wajen shekarar haske 1,350, tana nan cikin rukunin taurarin da ake kira Orion, gefen taurarin nan uku da suka jeru reras, waɗanda in ka bi layinsu zai kai ka wajen Kaza da 'Ya'yanta. Tana da haske sosai, ko a cikin gari kyamara na kama ta, shi ya sa kowa da ita yake farawa.

Babban kuskure dai shine mutum ya ɗau hoto ɗaya tak, ya duba bayan kyamara ya ga sama tayi jaja-jaja kamar ruwan kududdufi, sai ransa ya ɓaci ya fara lissafin sayen sabuwar kyamara. Malam ba laifin kyamara bane. Nebular tana ciki, hasken gari ne ya danne ta, kuma maganin shine ka ɗau hotuna da yawa na wuri ɗaya, ɗari biyu ɗari uku har sama, sannan ka haɗe su a kwamfuta da manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duk kyauta ne. Lissafin kuwa ba ya tafiya yadda mutum yake so, hoto 100 zai baka tsabta ninki 10 ne akan hoto ɗaya, in kana son ninki 20 sai ka kawo 400, to ka ga harkar ta masu haƙuri ce. Kuma don Allah ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata matse ba, duk wanda ya ɗauka a JPEG kyamara ta riga ta zubar masa da ɗan hasken da ya kwana yana nema.

Sai daɗewar buɗe kyamara. Wasu sun ji ance a bar ta daƙiƙa 30 sai su kwafa kawai, alhali basu da na'urar da ke bin juyawar sama. Orion tana daidai tsakanin arewa da kudun sama ne inda taurari suka fi saurin gudu, da lens mai 200mm akan ƙafa uku daƙiƙa 1 zuwa 2 ne iyakarka, in ka wuce taurari su zama zare-zare. Ko kana da na'urar ma cibiyar nebular, inda taurari huɗun nan na Trapezium suke, saurin ƙonewa take ta koma fari fat, don haka ka ɗau wasu gajeru daban saboda ita.

Fokos kuma abin haushi, mutum ya murɗa lens har ƙarshe yace ai shikenan. A yawancin lens ƙarshen ya wuce inda ake so. Ka kashe otomatik, ka nemi tauraro mai haske kamar Sirius ko Rigel ka zuƙo shi a allo har ninki 10, ka dinga murɗawa a hankali har ya zama ɗan ɗigo mafi ƙanƙanta, sai ka manna salatif. In dare ya tsala sanyi ya sauko ka sake dubawa, yana gocewa.

Batun filta nan ne ake asarar kuɗi. Tsofaffin filtocin rage hasken gari an yi su ne don fitilun sodiyam masu ruwan lemo, yanzu kuwa tituna sun cika da fararen LED da fitilun sola masu watsa haske ta kowane launi, filtar bata san wanda zata tare ba. Wadda ke aiki itace mai barin kala biyu kawai na hasken da nebular ke fitarwa su wuce, jan hasken haidurojin a 656nm da na oksijin wajen 500nm, amma fa tana cin haske, in baka da na'urar bin sama ka bari tukunna.

Mu nan muna da tamu matsalar. Orion tana fitowa da kyau da daddare daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin hazo, kuma ƙura ita ce ke kama hasken gari ta baza shi ko'ina. Daren da ka ga Sirius ya dusashe ka koma ka kwanta abinka. Daren da yayi garau kuma ka jira ta hau sama, a Kano tana kaiwa sama da digiri 70, kar ka harbe ta tana ƙasa-ƙasa cikin hayaƙin janareto. Wata ma ka lura dashi, kalandar Musulunci ta isheka, ka fita daga 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabo, lokacin da haskensa baya damu. Tauraron arewa kuwa, wanda da shi ake saita na'urar bin sama, digiri 12 kacal yake a Kano, gini ɗaya ya isa ya tare shi, sai ka zaɓi wurin da arewa take a buɗe kafin ka kafa kaya.

Hotunan gyara ma ana raina su. Ka rufe lens da murfinsa ka ɗau kamar 20 da saitin da kayi aiki dashi, sannan ka ɗora farar riga a bakin lens ka haska farin allon waya ka ɗau wasu, ba tare da ka taɓa fokos ba, na biyun nan su ne zasu cire duhun gefe da tabon ƙura. Wajen gyara a kwamfuta ka fara cire hasken garin da ya kwanta gefe ɗaya, Siril na yi GraXpert ma na yi, kuma kar ka maida sama baƙa ƙirin don tayi kyau a Facebook, gefen nebular mai laushi duk anan yake tafiya, ka barta toka-toka mai duhu.