Yadda Ake Daidaita Lissafin Haɗuwar Sinadarai

Kafin ɗalibi ya fara taɓa lambobi, ya kamata ya san dalilin da ya sa ake daidaita lissafin tun farko. Idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗe zuwa wani abu dabam, ƙwayoyin atam ɗinsu, wato mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka gina su, ba sa ɓacewa, kuma babu sababbi da ke fitowa, sai dai su sake jeri. Wannan ita ce ƙa'idar adana nauyi, wadda masanin Faransa Antoine Lavoisier ya tabbatar ta hanyar auna sinadarai a cikin rufaffun kwalabe, ya kuma bayyana ta a rubuce a shekarar 1789. Itacen da ya ƙone ya bar 'yar toka yana iya sa mutum ya zaci nauyi ya salwanta, alhali kuwa sauran ya tashi ne sama a matsayin gas da tururi.

Mu ɗauki ƙonewar gas ɗin mitan (CH₄), inda yake haɗuwa da oksijin (O₂) su ba da gas ɗin CO₂ da ruwa (H₂O): CH₄ + O₂ → CO₂ + H₂O. Abu na farko shi ne a ƙirga atam na kowane sinadari a hagu da dama na kibiyar, a kuma rubuta, domin manufar ita ce adadinsu ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. A hagu akwai kabon (C) 1, haidurojin (H) 4 da oksijin (O) 2, a dama kuwa kabon 1, haidurojin 2 da oksijin 3. Kabon ya riga ya daidaita. Don haidurojin ya kai 4 a dama, sai a sa 2 a gaban H₂O, wanda hakan zai mayar da oksijin na dama 4, daga nan a sa 2 a gaban O₂. Sakamakon shi ne CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O. An bar oksijin zuwa ƙarshe ne da gangan, domin shi kaɗai yake tsaye a hagu, don haka sauya lambarsa ba zai dagula wani sinadarin ba.

Kuskuren da ya fi hatsari shi ne taɓa ƙananan lambobin da ke ƙasan haruffa. Lambar gaba tana nuna yawan abin ne kawai, amma ta ƙasa ita ce ke faɗin ko mene ne abin. Wanda ya mayar da H₂O zuwa H₂O₂ don oksijin ya cika masa, ya sauya ruwan sha da wani sinadari mai dushe launin tufafi, kuma lissafinsa ya daina bayyana abin da ya faru a zahiri, ko da lambobin sun yi daidai.

Wani lokaci rabi yakan ɓullo, kamar a ƙonewar wani gas, C₂H₆, inda ake buƙatar 7/2 na O₂. Kada a firgita. A ninka komai sau biyu, a sami 2C₂H₆ + 7O₂ → 4CO₂ + 6H₂O.

Ina ba da shawarar a riƙa gwada amsa da nauyi, domin a nan ne ɗalibi ke ganin ƙa'idar da idonsa. A misalin mitan, giram 16 na CH₄ da giram 64 na oksijin suna ba da giram 44 na CO₂ da giram 36 na ruwa, wato giram 80 a kowane ɓangare. Idan jimillar biyu ta bambanta, a koma kan ƙirgar atam ɗin daga farko.