Matakan Fesa Maganin Ƙwari a Gonar Wake

Da farko, ka karanta rubutun da ke jikin kwalbar, domin shi ne yake bayyana awon maganin da ake zubawa a injin feshi na goyo, da kuma kwanakin jira, wato tsawon lokacin da ya wajaba a bari tsakanin feshi da girbi.

Sannan ka sanya safar hannu da takunkumi, ka zuba ruwa zuwa rabin tanki, ka auna maganin ka zuba, kafin ka ƙarasa cikawa.

Yamma ta fi dacewa da feshi, bayan ƙudan zuma sun bar fure, kuma iska ta kasance a bayanka. Idan ka gama, ka wanke injin nesa da rijiya, ka huda kwalbar don kada wani ya zuba man girki a ciki.