Kurakuran da Muke Yi Wajen Shaida Bishara a Gida da Kasuwa

Ina ɗan shekara 22, bayan wani taron matasa da aka kwana uku ana zuga mu, na shiga motar haya daga Zariya zuwa Funtuwa zuciyata na cin wuta. Ko Giwa ba mu kai ba na gyara murya na kama wa'azi, ban gai da kowa ba. Wani dattijo da ke gefena, carbi a hannu, ya bari har na dasa aya, sannan ya juyo ya ce, "Samari, ina kwana?" Motar ta ɗauki dariya. Na amsa gaisuwar murya na rawa, ban sake cewa uffan ba har muka sauka.

Ban ga laifin dattijon ba a ranar, ban kuma gani ba har yau. Kuskuren da na yi shi ne wanda da yawanmu muke yi: mu afka wa mutum da magana mafi nauyi a duniya alhali ko sunansa ba mu tambaya ba. A ƙasar Hausa ko bashi za ka je karɓa sai ka tambayi iyali da gajiya. Ubangiji Yesu ma, da ya haɗu da wata mace 'yar ƙasar Samariya a bakin rijiya cikin Bisharar Yahaya sura 4, ruwan sha ya fara roƙo, zance kuma ya bi hanyarsa har ya kai inda ya kai. Gyaran wannan ba wuya. Ka fara da mutanen da suka riga suka san ka: maƙwabcin da kuke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, abokin aiki, mai shayin da kake zama wurinsa da safe. Ka je suna, ka je dubiya, ka je ta'aziyya ka zauna a tabarma kamar kowa. Zumunci a ƙafa yake, kuma mutum ya fi sauraron wanda ya gani a ƙofar gidansa ranar da ya yi rashi.

Sai dai wanda ya san ka ya san halinka, nan kuma ne yawancinmu muke faɗuwa. Na san wani tela a unguwarmu da ya rubuta ayar Littafi Mai Tsarki da manyan haruffa a bangon shagonsa, kaset ɗin waƙoƙin sujada ba ya mutuwa daga safe har dare. Amma kowace Sallah sai an yi rigima da shi. Ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa, ya ce wa kowa "jibi", ranar jajibere kuma a tarar ko yanka yadin bai yi ba. Wata Hajiya ta taɓa auna ragowar atamfarta ta ga an rage kusan rabin yadi. Me kake tsammani take tunawa in ta ɗaga kai ta ga ayar nan? Haka mai awon da ya buga gindin mudunsa ya shige ciki, da ma'aikacin da ba ya fito da fayil sai an ba shi na goro, da wanda ya ci bashin maƙwabci ya koma bin wata hanya don kada su haɗu. Irin waɗannan in sun buɗe baki da sunan Almasihu, ɓarna suke yi wa waɗanda za su zo bayansu. Maganin yana da ɗaci: kafin ka gayyaci mutum sujada, ka biya shi kuɗinsa. In ka cuce shi, ka je ka ce, "Malam, na yi maka ba daidai ba, ka yafe mini." Sau da yawa wannan neman gafarar ita ke sa a tambaye ka me ya same ka, ƙofa kuwa ta buɗe ke nan.

Akwai kuma masu ɗaukar tsawa da zagi a matsayin gabagaɗi. Su ne masu juya lasifika ta fuskanci gidan maƙwabci da asuba, da masu hawa Facebook da WhatsApp suna yaɗa hotunan ba'a a kan addinin wasu suna jin sun yi aikin Allah. Ban taɓa ganin wanda aka zagi abin da yake girmamawa ya ce "gaskiya ne, ƙara mini" ba. Mu da muke Arewa mun san tsadar kalma. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 daga taƙaddama a kan kalaman wa'azi ya faro, cikin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. Magana zarar bunu ce. Manzo Bulus ya shiga Atina ya ga gari cike da gumaka, ransa ya ɓaci, amma da ya tashi magana cikin Ayyukan Manzanni sura 17 sai ya fara da yaba himmarsu ta ibada, har ya kawo zancen mawaƙansu, kafin ya kai su ga tashin Yesu daga matattu. Bai rage komai daga saƙon ba. Bitrus ma, a wasiƙarsa ta fari 3:15, ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, ya kuma haɗa da sharaɗin tawali'u da ladabi. Ka faɗi abin da ka gaskata game da Almasihu sarai, ka bar Annabin mutane da littafinsu.

Kishiyar wannan ita ce ta fi yawa a cikinmu, ko da yake ba a cika faɗa ba: shiru. Mutum ya shekara 15 a ofis ɗaya, abokan aikinsa ba su san komai game da bangaskiyarsa ba sai dai ba ya zuwa aiki ranar Kirsimeti. Muna fakewa da cewa halinmu zai yi magana. Hali yana jawo tambaya, amma in an tambaya sai an amsa da baki. Abokiyar sana'arki ta ce, "Maman Ladi, yaya kika iya yafe wa matar nan bayan abin da ta yi miki?" ke kuma ki ce, "Ai haƙuri ne kawai." Kin bar dama ta wuce. Abin da ya kamata ki ce bai fi jimla biyu ba: ni ma an yafe mini abin da ya fi wannan, Yesu ne ya koya mini. Tsoro kuwa ba baƙon abu ba ne, manzannin da kansu, bayan an ja musu kunne a Urushalima, taruwa suka yi suka roƙi Allah gabagaɗi, ga shi nan cikin Ayyukan Manzanni 4:29. Ka roƙa kai ma. Sannan ka zauna ka tsara labarinka yadda zai shiga minti biyu: yadda kake a da, yadda ka sadu da Almasihu, abin da ya sauya. Makahon da aka warkar cikin Yahaya sura 9 bai iya amsa tambayoyin malamai ba, abin da ya sani kawai shi ne da ba ya gani, yanzu yana gani, kuma ba wanda ya iya ƙwace masa wannan.

Zancen harshe ma yana bukatar a tsaya a kansa. Mun saba da wata Hausa ta cikin majami'a, rabi Turanci rabi kalmomin da sai ɗan ikilisiya ke ganewa. Ka ce wa mai sayar da goro an wanke ka da jini, ko kai sabon halitta ne, zai dube ka ne kawai. Mafi nauyi ita ce kalmar "Ɗan Allah". Maƙwabcinka Musulmi in ya ji ta, abin da ke zuwa masa shi ne Allah ya yi aure ya haihu, mu ma kuwa ba mu gaskata haka ba. In ba ka bayyana ba, kun rabu kowa na ƙyamar abin da ɗayan bai faɗa ba. Ka ɗauki lokaci ka ce ba haihuwa ta jiki ake nufi ba, ka nuna masa yadda Yahaya ya buɗe bishararsa da Kalman da yake tare da Allah tun fil azal. Ko bai yarda ba, ya san ainihin abin da kuka saɓa a kai. Ka kuma yi magana da Hausar da ake ciniki da ita, don duk lokacin da ka cusa Turanci ba dalili kana ƙarfafa zargin nan cewa addinin Turawa ne. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, aikin da Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Angilikan, ya ba da ƙarfinsa a kai tare da Hausawan da suka taimaka masa. Kafin Miller ma akwai Isawa, almajiran Malam Ibrahim na Kano, waɗanda tun ƙarni na 19 suka ɗaukaka Annabi Isa ba tare da sun ga Bature ba, wasu daga zuriyarsu kuma suna cikin waɗanda suka kafa ikilisiyar Wusasa da ke kusa da Zariya. Bahaushen da ke shaida Almasihu da harshen uwarsa yana da tarihi a bayansa.

Gardama kuwa ka guje ta. Na sha ganin samari sun haddace ayoyi uku na Alƙur'ani daga wata 'yar takarda sun je su kara da wanda ya yi sauka tun yana ɗan shekara 12. Kunya ake sha. In an yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayo fasto ko wani dattijon ikilisiya, ka kuma dawo da amsar kamar yadda ka alkawarta. Haka nan kada ka haɗa bishara da buhun shinkafa ko alkawarin aiki da arziki. In za ka taimaki mabukaci, ka taimake shi ko zai saurare ka ko ba zai saurara ba.

Na bar garaje a ƙarshe don shi ne ya fi cutar da wanda muke cewa muna ƙauna. Mutum ya yi tambaya ɗaya a ɓoye, mu kuma ranar Lahadi mu miƙe lokacin shaida mu ambaci sunansa da unguwarsu, ko mu ɗauki hotonsa mu sa a zauren WhatsApp na Zumuntar Mata. Kafin la'asar labari ya kai gidansu. Kai za ka koma ɗakinka ka kwanta, shi kuwa yana iya rasa matarsa da gadonsa da wurin kwana. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos, wani mai wa'azi da ya zo bayansa, ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma, manomi kuma ba ya tone iri kowace safiya don ya ga ko ya tsiro. Wanda ya zo maka da tambaya, asirinsa amana ce a hannunka. Kada ka matsa masa ya yi baftisma a makon nan. In ya nemi Sabon Alkawari, ka tambaye shi ko yana da inda zai ajiye, in babu ku riƙa karantawa tare a wurinka, ko ka nuna masa yadda zai saurara ta waya. In kuma ya yanke shawarar bin Almasihu, ka shaida wa fasto shi kaɗai, ku zauna tun da wuri ku san gidan da zai sauka da sana'ar da zai riƙe in an kore shi.